Tarihin Gano Fararen Ƙwayoyin Jini da Garkuwar Jiki

Gabatarwa

Duk wanda ƙaya ta taɓa sokewa, ta karye a cikin nama ta kwana biyu, ya san abin da ke biyo baya. Wurin yakan kumbura, ya ɗauki zafi, daga bisani ya tara mugunya. Shekaru aru-aru masu magani na Gabas da Yamma suna kallon mugunyar nan, waɗansu su ce ƙazanta ce, waɗansu su ce alamar warkewa ce, amma babu wanda ya san ainihinta. A yau an tabbata cewa mafi yawanta gawawwakin fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda suka mutu wajen kare jiki. Tsakanin wancan zato da wannan sani akwai tarihi mai tsawo, abu biyu kuwa ke fitowa fili a cikinsa. Na farko, ɗan Adam ya iya kare kansa daga cuta tun kafin ya san dalilin kariyar. Na biyu, da masana suka zo bayyana dalilin sai suka rabu gida biyu, suka yi shekaru suna gardama, alhali kowane gida rabin gaskiya ne a hannunsa.

Aiki ya riga sani

Tun zamanin da mutane sun lura akwai cututtukan da ba sa kama mutum sau biyu. Cikin shekara ta 430 kafin haihuwar Annabi Isa annoba ta auka wa birnin Atina na ƙasar Girka. Marubucin tarihi Thucydides, wanda shi kansa cutar ta kwantar da shi ya tashi, ya ba da labari cewa waɗanda suka warke su ne ke jinyar marasa lafiya, domin an ga cutar ba ta komowa ta kashe wanda ya riga ya sha ta. Bayan ƙarni goma sha uku, Abubakar ar-Razi, likitan nan da ya yi aiki a Bagadaza ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta littafi inda ya bambance agana da ƙyanda. Wannan bambancewa tana da muhimmanci, domin wanda ya tashi daga agana bai tsira daga ƙyanda ba. Watau kowace cuta da kariyarta.

Daga lura sai aka shiga gwadawa. A ƙasar Sin, tun ƙarni na 16, akan niƙa ɓawon ƙurjin agana a hura wa yaro a hanci. A Turkiyya da waɗansu sassa na Afirka kuwa akan tsaga fata a shafa ɗan ruwan ƙurjin. Mutum yakan yi agana mai sauƙi, ya warke, shi da ita har abada. A birnin Boston na Amurka, wani bawa da aka kawo daga Afirka, wanda iyayengijinsa suka laƙaba wa suna Onesimus, shi ya bayyana wa limamin coci Cotton Mather yadda aka yi masa wannan tsaga a ƙasarsu. Da annobar agana ta ɓarke a birnin cikin 1721, ta kashe mutum 844, likita Zabdiel Boylston ya gwada dabarar. Cikin waɗanda cutar ta kama da kanta, kimanin 14 cikin ɗari suka mutu. Cikin waɗanda aka yi wa tsaga, kimanin 2 cikin ɗari ne.

Edward Jenner, wani likitan ƙauye a Ingila, shi ya rage wannan hatsari. Ya ji manoma suna cewa mai tatsar nonon da ta kamu da ƙurjin shanu ba ta yin agana. Ran 14 ga Mayu 1796 ya ɗebi ruwan ƙurjin shanu daga hannun wata mai tatsa ya sa wa wani yaro ɗan shekara takwas, bayan makonni ya gwada shi da agana, ba ta kama shi ba. Asalin lamba ke nan. Bayan shekara tamanin da wani abu, Louis Pasteur na Faransa ya nuna ana iya raunana ƙwayar cuta a ɗakin bincike a yi rigakafi da ita, har cikin 1885 ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron ya rayu. Amma da aka zo ga dalili sai Pasteur ya yi kuskure. A zatonsa na farko ƙwayar cuta tana cinye wani abinci nata da ke cikin jiki, kamar yadda shuka ke cinye ƙarfin gona, in ta dawo ba ta tarar da kome ba. Allurarsa tana aiki, bayaninsa kuwa ba daidai ba ne.

Abin da madubi ya nuna

Ba a san jini yana ɗauke da ƙwayoyi ba sai da aka ƙera madubin ƙara girman abu. Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini cikin 1674. Fararen kuwa sun daɗe a ɓoye, saboda ƙarancinsu da rashin launi. A cikin ɗigon jini mai girman milimita ɗaya ta kowace fuska akwai jajaye kimanin miliyan 5, farare kuwa tsakanin 4,000 da 11,000 ne kawai. Sai bayan ƙarni guda William Hewson na Landan ya bayyana su, ya kuma danganta su da kaluluwa. Hewson bai ja zamani ba. Ya yanke hannu wajen fiɗar gawa, miki ya ruɓe, ya rasu cikin 1774 yana da shekara 34.

Cikin 1843 William Addison a Ingila ya ce ƙwayoyin da ke cikin mugunya daga jini suke fitowa. Babban masanin cututtuka na Jamus, Rudolf Virchow, wanda ya bayyana sankarar jini cikin 1845, bai yarda ba, yana ganin a cikin nama suke tsirowa. Almajirinsa Julius Cohnheim ne ya raba gardamar cikin 1867. Ya shimfiɗa tantanin hanjin kwaɗo mai rai a ƙarƙashin madubi ya zuba ido. Ya ga ƙananan jijiyoyi sun buɗe, gudun jini ya ragu, fararen ƙwayoyi sun manne a bangon jijiya, sa'an nan suka matsa suka ratsa bangon suka nufi wurin rauni. Shekara ɗaya bayan haka aka gano cewa a cikin ɓargo ake yin ƙwayoyin jini.

Saura bambance su. Paul Ehrlich, tun yana ɗalibin likita, ya shaƙu da sababbin rini da masana'antun Jamus ke fitarwa. Kowane marini ya san ba kowane zare ke kama baba daidai da ɗan'uwansa ba, haka Ehrlich ya tarar da fararen ƙwayoyi. Wajen 1879 ya nuna waɗansu suna kama jan rini, waɗansu shuɗi, waɗansu kuwa tsaka-tsaki. Har yau bisa wannan rabo ake ƙidaya su a ɗakunan gwajin jini na asibitoci. To, an gan su, an san inda suke zuwa, an raba su iri-iri, amma ba a san aikinsu ba. Da yawa daga likitocin lokacin, in sun ga ƙwayar cuta a cikin farar ƙwaya, sai su ɗauka masauki ta samu, farar ƙwayar ce ma ke yawo da ita cikin jiki.

Ƙayar wardi a Messina

Wanda ya juya wannan zato ba likita ba ne. Ilya Metchnikoff masanin dabbobi ne daga daular Rasha, an haife shi cikin 1845. Cikin 1882 ya bar aikin koyarwa a Jami'ar Odessa ya koma garin Messina a tsibirin Sisili na Italiya, yana nazarin yadda ƙananan halittun teku ke narka abinci. Akwai wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikin 'ya'yanta garau yake kamar gilashi, ana iya ganin waɗansu ƙwayoyi suna yawo a ciki suna haɗiye abinci. Wata rana a ƙarshen shekarar, iyalinsa sun tafi kallon wasa, yana zaune gaban madubi, sai tunani ya zo masa: ko waɗannan ƙwayoyi masu yawo su ne ke kare halittar daga baƙon abu? Ya fita lambu ya tsinko ƙayar wardi ya soke a jikin 'ya'yan. Da gari ya waye ya tarar ƙwayoyin sun yi wa ƙayar dafifi, daidai da yadda mugunya ke taruwa a yatsan mutum.

Ya ba su suna fagosait, daga harshen Girka, watau ƙwaya mai ci. Cikin 1884 ya ƙara da wani gwaji a kan wani ɗan ƙwaron ruwa wanda wata irin funfuna ke kashewa. Ya ga in fagosait sun yi nasarar cinye funfunar ƙwaron yakan rayu, in sun kasa ya mutu. Daga nan ya yi shelar cewa kumburi da zafin miki yaƙi ne jiki ke yi, fararen ƙwayoyi kuwa su ne dakarun. Pasteur ya gayyace shi, cikin 1888 ya koma cibiyarsa a Faris, inda ya zauna har ƙarshen ransa.

Gardamar Faris da Barlin

Masanan Jamus ba su karɓi wannan magana ba. Su a wajensu kariya tana cikin ruwan jini, watau ruwan nan da ke tsatsowa in jini ya daskare, wanda babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce. Cikin Disamba 1890, a cibiyar Robert Koch da ke Barlin, Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato na Japan suka nuna cewa in aka saba wa dabba da dafin ƙwayar tetanas, cutar nan mai sandare jiki, ruwan jininta yakan zama makarin dafin, in kuma aka zuba wa wata dabba ruwan ita ma ta sami kariya. Behring ya nuna haka a kan mashaƙo. Ba da jimawa ba aka shiga haɗa makarin a jikin dawakai. A gwajin da Emile Roux ya yi a wani asibitin yara a Faris cikin 1894, mace-macen mashaƙo sun sauko daga kimanin rabi zuwa kimanin ɗaya bisa huɗu. Behring ne aka fara bai wa kyautar Nobel ta fannin likitanci, cikin 1901. Abin nan da ke cikin ruwan jini shi ake kira antibodi.

Ehrlich ya zama jagoran wannan gida. Cikin 1897 ya kawo bayani cewa dafi da makarinsa suna haɗuwa ne kamar kwaɗo da mabuɗinsa, kowane da nasa. Gardama ta yi tsanani a tarurruka da mujallu, ba kuwa ta ilimi kaɗai ba ce. Yaƙin Faransa da Jamus na 1870 zuwa 1871 bai gushe daga zukata ba, tsakanin Pasteur da Koch kuma akwai tsohuwar gaba. Kowane gida ya riƙa ganin amincewa da hujjar ɗayan tamkar sallama tuta ce.

Duk da haka alamun sulhu sun soma bayyana. Jules Bordet, ɗan ƙasar Beljiyam, a ɗakin binciken Metchnikoff kansa ya gano cikin 1895 cewa antibodi na buƙatar wani mataimaki da ke cikin ruwan jini kafin ya fasa ƙwayar cuta. Cikin 1903 Almroth Wright da Stewart Douglas a Landan suka nuna ruwan jini yakan lulluɓe ƙwayar cuta, fagosait su fi saurin haɗiye ta, kamar yadda miya ke sa tuwo ya wuce. Cikin 1908 aka raba kyautar Nobel tsakanin Metchnikoff da Ehrlich. Ehrlich ya rasu cikin 1915, Metchnikoff cikin 1916. Amma a aikace gidan Barlin ne ya rinjaya, domin antibodi abu ne da ake iya aunawa a kwalba, a kuma yi magani da shi. Kusan shekara arba'in nazarin fararen ƙwayoyi ya koma gefe.

Ƙwayar da aka raina

Tambayoyi uku suka gagari masu nazarin ruwan jini. Ina antibodi ke fitowa? Yaya jiki ke tuna cutar da ya haɗu da ita shekara hamsin da suka wuce? Me ya hana shi yaƙar kansa? Amsoshin duka suna wajen wata ƙaramar farar ƙwaya mai suna limfosait. Ba ta cin kome, ba a ga tana wani aiki ba, har litattafan likita na farkon ƙarni na 20 ba su da abin faɗa a kanta sai siffarta. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Cikin 1942 Karl Landsteiner da Merrill Chase a Amurka suka tarar akwai wata irin garkuwa da ba ta bin ruwan jini daga dabba zuwa dabba, sai an ɗauki ƙwayoyin da kansu. Cikin 1948 Astrid Fagraeus ta ƙasar Suwidin ta nuna cewa wata irin ƙwaya ce ke ƙera antibodi. A Ingila kuma, Peter Medawar, wanda ƙunar da mutane ke yi a Yaƙin Duniya na Biyu ta ja hankalinsa ga dashen fata, ya lura jiki yakan ƙi fatar wani, in kuma aka sake dasa ta mutum guda yakan ƙi ta da sauri fiye da farko. Cikin 1953 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka sa wa ɓera ƙwayoyin wani ɓera tun yana ciki, in ya girma zai karɓi fatar wancan kamar tasa. Ashe sanin kai da baƙo koyonsa jiki ke yi.

Macfarlane Burnet na Ostareliya ne ya haɗa waɗannan zare cikin 1957. Ya ce jiki ba ya jiran cuta ta zo sa'an nan ya yanka mata mabuɗi. Tun farko yana da limfosait iri miliyoyi, kowace da mabuɗi guda nata. In ƙwayar cuta ta shigo, wadda mabuɗinta ya dace ita ke hayayyafa ta zama runduna. In yaƙi ya ƙare, waɗansu daga rundunar sukan zauna shekaru suna jira, tunawar jiki ke nan. Waɗanda mabuɗinsu ya dace da jikin kansa kuwa akan kawar da su tun da wuri. Cikin 1959 James Gowans a Oxford ya nuna a jikin ɓeraye cewa limfosait suna zagayawa ba dare ba rana daga jini zuwa kaluluwa su komo jini, suna sintiri. Kumburin kaluluwa a hantsa in an ji ciwo a ƙafa, hayayyafar tasu ce.

Sai kuma aka gane limfosait ɗin ma gida biyu ne. A Jami'ar Jihar Ohio, Bruce Glick ya cire wa 'yan tsaki wata 'yar jaka da ke kusa da dubura, wadda ba a san amfaninta ba. Abokin karatunsa Timothy Chang ya ari kajin don ya nuna wa ɗalibai yadda ake yin antibodi, sai kajin suka kasa yi. An buga sakamakon cikin 1956 a wata mujallar kiwon kaji, ya daɗe likitoci ba su kula ba. Cikin 1961 Jacques Miller a Landan ya cire wa jariran ɓeraye taimus, wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirji, sai suka kasa ƙin baƙuwar fata, cututtuka kuma suka yi ta kashe su. Cikin 1965 Max Cooper da Robert Good suka haɗa biyun. Akwai limfosait B, masu ƙera antibodi su zuba a ruwan jini, akwai kuma limfosait T, waɗanda ke horuwa a taimus, waɗansunsu su kashe ƙwayar jikin da cuta ta shiga, waɗansu su ba sauran dakaru umarni. Cikin 1976 Susumu Tonegawa ya gano yadda ake samun mabuɗai masu yawa haka: kowace limfosait tana yanka ƙwayoyin gadonta ta sake jera su yadda ba zai yi daidai da na wata ba.

A nan tsohuwar gardama ta mutu. Antibodin Behring da Ehrlich gaskiya ne, amma farar ƙwaya ce ke ƙera shi. Fagosait na Metchnikoff su ma sun dawo da daraja. Cikin 1973 Ralph Steinman ya gano wata ƙwaya mai rassa wadda ke kama baƙo ta kai guntunsa kaluluwa ta nuna wa limfosait, binciken da aka yi daga 1996 zuwa 1998 kuma ya bayyana na'urorin da dakarun farko ke gane ƙwayar cuta da su. In ba su yi kururuwa ba, limfosait ba sa tashi.

Kammalawa

Cutar ƙanjamau, wadda aka fara bayyanawa cikin 1981 aka kuma gano ƙwayarta cikin 1983, ta nuna wa duniya darajar wannan sani ta hanya mai ɗaci. Ƙwayar tana kashe limfosait T masu ba da umarni. Mai lafiya yana da tsakanin 500 da 1,500 a cikin ɗigon nan na jini, in suka sauko ƙasa da 200 sai tarin fuka da sauran cututtuka su sami ƙofa a buɗe. Ba don aikin da aka yi a kan kaji da ɓeraye shekara ashirin kafin nan ba, da likitoci ba su san abin da za su ƙidaya ba. Ta wata fuskar kuma, kyautar Nobel ta 2018 ta tafi ga James Allison da Tasuku Honjo, waɗanda suka gano yadda ake kwance wa limfosait T takunkumi su auka wa sankara.

Agana, wadda da ita aka fara wannan tarihi, an ga mutum na ƙarshe da ta kama da kanta a Somaliya cikin 1977, cikin 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar an kawar da ita. Abin da ya rage sai tabon lamba a damtsen manya. Amma rigakafi ba ya tafiya sai jama'a sun amince da shi. Cikin 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a waɗansu jihohin arewacin Nijeriya, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai ran 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mutanen zamanin Jenner sun karɓi lamba ba tare da an iya gaya musu dalili ba, domin babu wanda ya sani. Ma'aikacin yau ba shi da wannan uzuri. In uba ya tambaye shi don me za a sa wa ɗansa mai lafiya magani, don me kuma za a maimaita, akwai amsa: ana nuna wa limfosait ɗin yaron kamannin abokin gaba ne tun bai zo ba, kowace maimaitawa kuwa tana ƙara yawan masu tunawa da shi.

Ga ɗalibi kuma, ya isa a tuna da inda amsoshin suka fito: daga bakin bawa, da hannun mai tatsar nono, da hanjin kwaɗo, da mujallar kiwon kaji. Manyan malaman Faris da Barlin sun yi shekaru kowa yana kare gidansa, gaskiyar kuwa ba ta cika ba sai da aka haɗa abin da ke hannun gidajen biyu.